Abin da Ke Ƙone Fawa

Litinin, ƙarfe goma na safe

Kwamfuta ta mutu.

Na dawo daga kai 'yata Gimbiya makaranta, na danna makunnin bango kamar kullum, sai kawai na ji fas! daga ƙarƙashin tebur. Kafin in fizge wayar daga soket, ɗakin ya cika da warin ƙonanniyar roba. Na kwance murfin na duba. Fawa ce, ɗan akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke karɓar wutar bango yana raba wa kayan ciki. Ta yi baƙi ƙirin ta wajen ramukan iska. Sauran kayan dai a ido ba abin da ya same su.

Zanen asibitin nan mai hawa uku yana ciki, kuma ƙarshen wata Oga, shugaban ofishinmu, zai miƙa shi. Tun da ofis suka yarda in riƙa yin zanen gine-gine daga gida saboda Baba, wannan ne babban aiki na farko da suka sakar mini. In ya tafi, ban san da wane bakin zan yi bayani ba.

Baba ya leƙo daga ɗakinsa. "Auta, me ya ƙone?" Na faɗa masa. Ya ja iska ta hanci ya ce, "Wuta ce ta yi mata yawa." Mutumin da ya shekara talatin yana aikin lantarki a masaƙa, ai ba a yi masa musu a kan wari.

Baba lafiya lau. Ya sha shayinsa, ya koma ya zauna.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na je shagon Injiniya a kasuwa. Shagon nan kullum ƙara matsewa yake, matattun kwamfutoci har rufi, sai ka karkace kafin ka shiga. Ya karɓi ƙonanniyar ya wurga ta bayansa ko kallo bai yi mata ba, ya jawo wata daga ƙarƙashin kanta. "Ta hannu ce, Mai Zane, amma gangariya. Wannan sai ka gaji da ita."

Na haɗa, ta tashi. Zanen yana nan. Sai da na gan shi na gane tun safe ban sa komai a bakina ba.

Da matata Malama ta dawo daga makarantarsu na ba ta labari, ta ce, "Yau kuma sana'ar fawa muka shiga? To Allah ya sa mu ga nama." Na yi dariya. An daɗe ba a yi ba a gidan nan.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Na fito na tarar da Baba a bakin ƙofa sanye da shuɗiyar rigarsa ta aiki, akwatin kayan aikinsa a gefen ƙafa. Wai motar masaƙa ta makara. Na ce, "Baba, yau hutu ne." Ya ce au, ya koma ciki.

Masaƙar an rufe ta tun ina sakandare. Barci ne bai sake shi ba, kowa ma yana yin haka. Lafiya lau yake.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ta sake ƙonewa. Daidai irin ta Litinin: na dawo, na danna makunnin bango, fas, hayaƙi.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na zauna na bi abin a tsanake, kamar yadda Baba ya koya mini tun ina riƙe masa tocila: kada ka zargi abu sai ka gwada shi.

Na ɗauko mitar gwajinsa. Soket yana ba da wuta ɗari biyu da talatin, tana ɗan hawa tana ɗan sauka, ba abin tashin hankali. Na kwance fuskar soket ɗin, wayoyin a ɗaure tam, babu tabon ƙuna. Wayar ƙasa tana nan. Na canza igiyar wutar duk da ban ga laifinta ba. Na hure ƙurar cikin akwatin, na duba ko wata ƙusa ta faɗa bayan allon kayan ciki tana haɗa wuta. Babu.

Saura mai waldan da ke bayan katangarmu. In ya kunna injinsa har ƙwan fitilar ɗaki yana lumshe ido. Na je na same shi, ya ɗaga baƙin gilashinsa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Maƙwabci, ni fa tun ranar Laraba injina yana wajen gyara." Na ba shi haƙuri na dawo.

Ko ma dai mene ne, daga waje yake shigowa. Zan sayi sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Fawa ta uku ta hau, sitabilaiza a tsakaninta da bango. Injiniya ya ce in wannan ma ta ƙone to in nemi masu addu'a. Na yi aiki tun hantsi ba tsayawa, na gama hawa na biyu.

Oga ya bugo. Na ce komai yana tafiya daidai.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Yaya ta bugo daga garinsu. Ta yi magana da Baba, sannan ta ce a ba ni.

"Auta, sau uku yana tambayata ko na ga Inna."

Na ce kewa ce. Shekara ɗaya ai ba ta isa mutum ya saba da rashin wadda suka yi rayuwa tare ba.

"Ba cewa ya yi yana kewarta ba. Cewa ya yi ta tafi kasuwa ba ta dawo ba. Ka kai shi asibiti."

Na ce da na miƙa aikin nan zan kai shi. Ta ce haka na ce wancan watan. Ita tana can nesa, da waya take renon uba, abin da sauƙi. Ban faɗa mata haka ba. Na ce caji ya kusa ƙarewa.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Fanka tana juyawa, allo yana haske. Ba abin rubutawa.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Ta uku ma ta tafi. Sitabilaiza tana zaune da koriyar fitilarta kamar ba a gabanta aka yi ba.

Raina ya ɓaci, na ɗauki fawar na yi kasuwa. Na faɗa wa Injiniya maganganun da bai kamata ba, a gaban mutane. Na ce ruɓaɓɓun kaya yake tarawa yana sayar wa waɗanda suka yarda da shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mai Zane, daga buhu ɗaya na sayar wa mutane da yawa, kai kaɗai kake dawowa. Ka je ka duba gidanka." Na ce gidana uban masu lantarki ne ya yi masa wayarin. Ya ce to.

Ya miƙo hannu zai karɓi matacciyar, na hana. Na dawo da ita, tana nan kan tebur.

Oga ya sake bugowa. Ban ɗauka ba.

Juma'a, ƙarfe bakwai na yamma

Bayan an ci abinci Malama ta biyo ni ɗakin aiki ta tura ƙofa. Ta daɗe tana gyara littattafan da ba su buƙatar gyara.

"Abban Gimbiya, in faɗi wata magana, ba za ka ji haushi ba?"

Na ce ina ji.

"Ranar da na dawo ɗaukar takardun jarrabawa da na manta, ka fita kai Gimbiya. Na ga Baba a ɗakin nan, a durƙushe bayan tebur."

Na ce gidan ɗansa ne, yana da ikon shiga duk inda ya ga dama.

"Da sukundireba a hannunsa."

Na ce mutumin da ya raine ni da wannan sana'ar ne za a ce yana ƙona mini kaya? Na ce wasu abubuwan kuma. Ta tsaya ta ji duka, sannan ta ce, "Ni ban ce da gangan ba," ta fita.

Ba zan rubuta sauran ba.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Na juya matacciyar fawar.

A bayanta, kusa da inda igiyar wuta ke shiga, akwai ɗan jan makunni, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ba ya motsi da hannu, sai an sa bakin sukundireba. Gefe ɗaya ɗari biyu da talatin, irin wutarmu. Ɗaya gefen ɗari da sha biyar, don ƙasashen da wutarsu ba ta kai tamu ƙarfi ba. In aka bar shi a ƙaramar lamba aka ba shi wutarmu, nan take take fashewa.

A ƙaramar lamba na same shi.

Da hannuna na haɗa ta, kuma kwana uku tana aiki. In da haka ta zo, da a ranar farko ta fashe.

Asabar, ƙarfe sha biyu na rana

Wataƙila girgizar hanya ce, da na kai ta kasuwa na dawo da ita.

Na gwada turawa da yatsa. Ko gezau.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Na koma wajen Injiniya na ba shi haƙuri, a gaban mutanen da na ci mutuncinsa a gabansu, waɗanda na samu dai. Ya ce ya wuce. Bai tambaye ni me na gano ba, ni ma ban faɗa ba. Na karɓo ta huɗu.

Na haɗa ta. Na yanko baƙin salatif na rufe jan makunnin ruf.

Malama tana gaishe ni, ina amsawa. Iyakarta ke nan.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Na dawo daga makarantar Gimbiya. Hannuna har ya kai kan makunnin bango, sai na fasa. Na jawo tebur na leƙa.

An ɓare salatif ɗin. Ba a yar ba, an manna shi a gefen tebur, an naɗe bakinsa ɗaya don a ji daɗin ɓarowa nan gaba. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke naɗe bakin salatif haka.

Na mayar da makunnin wurinsa. Na kunna, ta tashi. Na zauna ina kallon zanen, ban ja ko layi ɗaya ba har rana ta take.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Yau na roƙi Malama ta wuce da Gimbiya. Na yi sallama da Baba kamar zan fita, na buɗe ƙofar gida na rufe, na dawo na tsaya a lungun wajen wanki, inda ake hango ɗakin aiki ta taga. Ni ne yau nake laɓe wa ubana.

Bai daɗe ba ya fito da rigar aiki. Ya fara duba makunnin bango ya tabbatar a kashe yake. Ya zare igiyar. Ya sa testa ya gwada. Komai a kan ƙa'ida, hannun nan ko rawa ba ya yi. Sannan ya durƙusa da ƙyar, yana dafa tebur, ya sa sukundireba.

Na shiga. "Baba, me ake gyarawa?"

Bai firgita ba. Ya ɗago ya ce, "Yawwa, gara da ka zo. Yaran aikin dare ne. Kullum sai sun mayar da shi babbar wuta. Na faɗa na faɗa, injinan ɗakin nan duka ƙaramar wuta suke ci, haka aka kawo su daga waje. Sun ƙone uku a watan nan. In manaja ya ji, wa zai kama? Ni."

Na ce, "Baba, nan gida ne. Wannan kwamfutata ce."

Ya dubi ɗakin. Ya dubi labule, ya dubi takalmin Gimbiya a bakin ƙofa. Na ga abin ya zo masa, na kuma ga lokacin da ya gane. Ya ce, "Auta, ni na ƙona maka?"

Na ce a'a, wutar gari ce.

Ya ce, "Kada ka yi mini ƙarya, ban koya maka ba."

Na kama shi ya miƙe. Ba shi da nauyi ko kaɗan, yaushe ya rame haka ban lura ba? Na kai shi ɗaki. Ya kwanta ya juya fuska bango. Da na kai masa abincin rana ya riga ya manta, har yana tambayata ko an samo abin da ke ƙona mini na'ura.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa wa Malama. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ta ce abu biyu: asibiti, da akwatin kayan aikin. A ɗauke shi daga ɗakinsa.

Na ce asibiti na yarda, da zarar na miƙa zanen. Akwati kuwa a'a. Da safe shi yake fara buɗewa, ya goge filaya, ya jera sukundirebobi daga babba zuwa ƙarami. Inna ta tafi, abokansa sun tafi, masaƙa ta zama kango. In na ɗauke wannan, me na bar masa?

Ta ce, "Ka bar masa ransa. Ga kuma yarinya a gidan."

Na ce ina da dabara.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Injiniya ya samo mini irin ta zamani, wadda ba ta da jan makunni sam, ita take gane wutar da aka ba ta da kanta. Sabuwa a kwali. Na haɗa. Shiru take aiki, ko ƙarar fanka ba ka ji.

Shi ke nan. Ba makunni, ba abin juyawa. Ba sai an kulle ɗaki ba, ba sai an taɓa akwatin kowa ba. Na ji daɗin kaina yau.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na sami Baba a bayan tebur yana shafa bayan fawar da yatsa, yana nema. Ransa a ɓace. Wai an canza masa inji ba a sanar da shi ba. Wai tunda yaran nan ba sa jin magana, daga tushe zai rage wutar kowa ya huta. Na lallashe shi da shayi.

Hawa na uku ya kusa. Kwana biyu nake nema, kwana biyu kawai.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Kwamfuta lafiya lau.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma, a asibiti

Ina kan benci a baranda. Sun ce in jira a waje.

Da safe na tafi ofis kai zanen. Oga ya riƙe ni yana duba shafi-shafi. Wayata tana aljihu a kashe don kada a katse mu.

Abin da Malama ta faɗa mini ke nan. Tana kicin. Fankar falo ta tsaya, can sai ta ji ƙara kamar an fasa faranti, sai ihun Gimbiya. Ta fito ta tarar da Baba a ƙasa a zaure, ƙarƙashin babban allon wutar gidan, murfin allon a buɗe. Ya kashe babban makunni, wannan bai manta ba. Amma wayoyin da ke shigowa daga titi ba ruwansu da makunnin gida, kullum da wuta a jikinsu. Ya fi kowa sanin haka. Testar tana aljihun rigarsa, bai ciro ta ba.

Gimbiya tana tsaye a gefensa da ƙusoshin murfin a tafin hannunta. Shi ya ba ta ta riƙe masa.

Mai walda ne ya tsallako katanga ya ɗauke shi a motar wani. Hannun dama ya ƙone daga yatsu zuwa wuyan hannu, kansa ya bugu da bango. Yana numfashi. Gimbiya ba abin da ya taɓa ta. Har yanzu ba ta buɗe hannun ba, Malama ta ce ta ƙi sakin ƙusoshin.

Taku ɗaya ne tsakaninsu. Na je gida ɗauko masa kaya na tsaya a wurin na gani.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Ya farfaɗo. Zuciyar ta daidaita, in ji su. Yatsu biyu ba su da tabbas.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Yaya ta iso. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta rungume Malama, ni kuma ta dube ni ta ce, "Ka ci abinci?"

Likitar ƙwaƙwalwa ta zo, wata mai sanyin murya. Ta tambayi Baba wace shekara muke, ya faɗi shekarar da aka haife ni. Ta ba shi takarda ya zana agogo da hannun hagu, ya tara lambobin duka a gefe ɗaya. Mutumin da yake zana wayarin ɗin gida sukutum a bayan kwalin sigari.

A ofishinta ta faɗi sunan ciwon. Ta ce ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu, kuma faɗuwar nan tana iya ƙara masa gudun. Ta tambaya tun yaushe muka fara lura. Yaya da Malama suka dube ni. Na ce an jima.

Ta ce, "Da yawa haka suke zuwa, sai wani abu ya faru." Ta faɗa ne don in ji sanyi.

Laraba, ƙarfe sha biyu na rana

Oga ya karɓi zanen, ya ce ya yi kyau. Ya kuma ce aikin gida bai karɓe su ba, daga wata mai zuwa ko in dawo teburina a ofis ko su nemi wani. Ya yi mini jaje sosai kafin ya faɗa.

Na ce zan yi shawara. Malama ta ce za ta nemi hutu, Yaya ta ce za ta ɗauke Baba zuwa garinsu. Gidanta bene ne, kuma bai san kowa a can ba. Mun yi ta juya maganar a barandar asibiti har mai shara ta ce mu ɗaga ƙafa.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Gimbiya ta fara fitsarin kwance. Ba ta bi ta zaure sai an riƙe mata hannu.

Na kira mai lantarki ya gyara allon, ya sa masa ƙaramin keji na ƙarfe da kwaɗo. Yana aiki yana yaba wanda ya yi wayarin ɗin gidan. Na bar masa wurin.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Gobe za a sallami Baba. Yau na ɗauke akwatin.

Na zaci zan iya ɗagawa in fita kawai. Sai da na buɗe. Komai a jere, ƙarfen filayar ya sha hannu har ya yi santsi. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in ba zan iya ba ita za ta yi. Na ce ni ne na hana, ni zan ɗauka.

Na kai wa mai walda ajiya. Ya sa shi a saman kabad ɗinsa ya rufa masa buhu, ya ce ko shekara nawa ne yana nan.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Ya dawo gida. Ya tsaya a tsakar falo yana jiran a nuna masa wurin zama, kamar baƙo. Ya shiga ɗakinsa ya dubi ƙarƙashin gado, inda akwatin yake zama. Na shirya ƙaryata tun jiya. Bai tambaya ba.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yaya ta koma jiya, za ta dawo ƙarshen wata mu yanke shawara. Na rubuta wa Oga cewa ba zan iya dawowa ofis ba yanzu. Ya ce ya gane. Akwai wani ɗan zanen shago da wani ya kawo mini, shi nake yi.

Ina cikin aiki na ji motsi. Baba ne a bakin ƙofa, hannun a naɗe da bandeji, rataye a wuya. Ya yi sallama. Na amsa, na jawo masa kujera. Ya zauna a bakin-bakinta.

Ya daɗe yana kallon allo. Sannan ya sunkuya ya dubi bayan tebur, amma bai miƙa hannu ba. Wayoyin yake kallo, yadda na ɗaure su na jera su a jikin katako.

Ya ce, "Malam, kai ka yi wannan?"

Na ce ni ne.

"Aikinka da tsabta. Yanzu ba a samun masu yi haka. Wa ya koya maka?"

Na ce mahaifina.

"Ma'aikacin lantarki ne?"

Na ce eh, a masaƙa ya yi aiki.

Fuskarsa ta washe. "Ikon Allah! Ni ma can nake. Wataƙila ma na san shi." Ya ɗan yi tunani, ya girgiza kai, abin bai zo ba. "Yana raye?"

Na ce yana nan.

"Madalla. Ka riƙe shi da kyau." Ya dafa tebur da hannun hagu ya miƙe, na tashi zan kama shi ya ce in yi zamana, kada ya katse mini aiki. Da ya kai ƙofa ya juyo.

"In ka je gida ka gaishe shi."

Na ce zai ji.